Rawar Kan Babur Daga Rawar Kan Mai Shi Take Farawa

Yau ba maganar tattalin data ko gyaran WhatsApp za mu yi ba, maganar babur ce. Kada wani ya ce mun sauka daga layi, domin cutar da za mu taɓa ta cikin waya ta shigo mana. Yaro zai kwana yana kallon 'yan tseren MotoGP a TikTok da YouTube suna kwantar da babur a kwana har gwiwarsu tana gogar kwalta. Gari na wayewa sai ya tura Boxer ɗinsa wajen bakanike: a ɗaga mini baya, a sauke mini hannu, a sa mini ƙatuwar taya, a cire madubi. Da la'asar kuma ka gan shi a hanyar Daura zuwa Mai'adua ya kife a kan tanki, abokinsa na baya yana ɗaukar bidiyo.

Maganar da suke yawo da ita a majalisa ita ce wai babur ɗin tsere shi ne sarki. Wai ya fi kowane babur riƙe hanya, ya fi shan kwana, saboda haka duk abin da aka mayar kamarsa ya fi. Shi kuwa babban babur na tafiyar nesa, mai gilashin tare iska da akwatuna a gefe, wai na tsofaffi ne. To wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma rabin nan ne yake karya ƙafafun 'ya'yan mutane. Saurin juyawa daban, natsuwar kai daban. Injiniya ba ya samun ɗaya sai ya biya da ɗayan. Mu da muke hawa babur a ƙasar yashi da ramuka da kaya, natsuwar kai muke bukata, amma sai ga shi da kuɗinmu muke biya a cire mana ita.

AWO UKU DA KE RIƘE DA KAN BABUR

Kafin a yi gardama, a fara sanin abin da ake gardama a kai.

Na farko, jinginar wuya. Tsaya a gefen baburinka ka kalli shokar gaba. Ba a tsaye cak take ba, ta ɗan jingina baya. Da digiri ake auna wannan jingina. Idan ta yi yawa, babur zai so tafiya miƙe, juyawa sai ka lallaɓa shi. Idan ta yi kaɗan, kana taɓa hannu ya juya.

Na biyu, ratar bin-baya. Ka ɗauka ka zura zare ta cikin wuyan babur ya miƙe har ya taɓa ƙasa. Inda zaren zai taɓa yana gaba da inda taya ta taka ƙasa. 'Yar ratar da ke tsakaninsu ita ce ruhin abin. Dubi tayar kujerar ofis ko ta gadon tura marar lafiya: duk inda ka tura, sai tayar ta juyo ta bi baya da kanta. Wannan rata ce take sa kan babur ya dawo daidai bayan ya taka dutse, ba tare da ka yi komai ba. Idan ta ragu, kai zai yi sauƙin juyawa, amma kuma ƙarfin dawowarsa daidai ya ragu.

Na uku, tazarar tayoyi, wato daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Dogon babur ya fi zama a miƙaƙƙiyar hanya, gajere ya fi saurin shiga kwana. Duk wanda ya taɓa tura kura da baro ya san wannan.

A kan waɗannan uku sai a ɗora nauyin babur, da inda nauyin ya taru, da siffar taya, da taurin shoka.

BABURA BIYU, KAMFANI ƊAYA

Mu ɗauki biyu daga gida ɗaya don kada a ce son kai ne. Yamaha R1, wanda ya fara fitowa a 1998, babur ɗin tsere ne. Yamaha FJR1300, wanda ya fito a 2001, shi ne irin wanda aka ƙera don gudu da tafiyar nesa a haɗe.

A samfuran baya-bayan nan, R1 yana da jinginar wuya digiri 24, ratar bin-baya milimita 102, tazarar tayoyi milimita 1405, nauyi kimanin kilo 200, tanki lita 17. Shi kuwa FJR1300 jingina digiri 26, rata milimita 109, tazarar tayoyi milimita 1545, nauyi kimanin kilo 290, tanki lita 25.

Ku lura da kyau. Bambancin jinginar digiri 2 ne kacal. Bambancin ratar milimita 7 ne, ko faɗin farcen ɗan yatsa bai kai ba. Amma wannan ɗan abin, haɗe da ƙarin tsawo na santimita 14 da ƙarin nauyi, shi ya raba halinsu. R1 yana faɗawa kwana da 'yar taɓawa, yana sauya ɓangare cikin ƙiftawar ido. FJR sai ka tura shi da niyya, amma in ya shiga kwana yana bin layinsa, ko ya taka gargada a tsakiya ba ya firgita, kuma an ƙera shi ne da lissafin za a goya mutum a cika akwatuna.

Yanzu ga tambayar da 'yan majalisa ba sa yi. Idan R1 ne ya fi natsuwar kai, me ya sa kamfanin yake saka masa wata 'yar shoka ta musamman a wuya, wadda aikinta kawai ta hana kai fizgewa hagu da dama, alhali FJR ba a saka masa ba? Amsar a fili take. Idan aka murɗa totur da ƙarfi gaban R1 yana yin sakayau, in taya ta taka wani abu a lokacin sai kai ya kama rawa har hannu ya riƙa dukan tanki. Injiniyoyin sun san sun ci bashin natsuwa don su sayi saurin juyawa, shi ne suka biya bashin da na'ura. Daga 2015 ma har ƙwaƙwalwa suka ƙara masa, mai auna karkatar babur da motsinsa ta kowace fuska, irin dai na'urar da ke cikin wayarka da take juya allo idan ka kwantar da ita. Ita take rage wuta idan tayar baya ta fara zamewa. Kai da ka ɗaga bayan Boxer, wace na'ura ce za ta biya maka naka bashin?

Wani zai ce ai akwai babur ɗin tafiyar nesa gajere. Gaskiya ne. Kawasaki Ninja 1000SX na tafiya ne, ZX-10R na tsere ne, amma tazarar tayoyinsu kusan ɗaya ce. Wannan ma hujja ce a kan masu yanka da walda. Ba awo ɗaya ke yin babur ba. Hannu, wurin zama, nauyi, shoka, taya, duk tare ake lissafa su, a gwada, a sake gwadawa, kafin a fitar kasuwa. Wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka.

LISSAFIN KWANA BA YA JIN MAGIYA

Akwai dokar da babu babur ɗin da ya fi ƙarfinta, ko na miliyan nawa ne. Yawan kwanciyar da babur zai yi a kwana ya dogara ne da abu biyu: gudunka da faɗin kwanar. Kuma idan ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ke fizgarka waje sau huɗu yake ninkuwa.

Ga misali, kowa zai iya dannawa a kalkuletar wayarsa. Ɗauki kwanar da in aka zagaye ta da'ira, daga tsakiya zuwa baki mita 30 ne. A gudun kilomita 40 a awa, kwanciyar kimanin digiri 23 kake bukata. A kilomita 60, kimanin digiri 43. A kilomita 80, kimanin digiri 59. Wannan na ƙarshe kuwa filin 'yan MotoGP ne, su ne suke kaiwa digiri 60 har su ɗan haura.

To su da me suke kaiwa? Da tayar da ba ta da zane ko ɗaya, mai laushi kamar cingam, wadda ake lulluɓe ta da bargon lantarki ta yi zafi kafin a fara tsere, kuma tsere ɗaya take yi a jefar. Da kwaltar da ake sharewa, ba akuya, ba tirela, ba mai tahowa daga gaba. A gefen kwanar an bar fili da tsakuwa don wanda ya faɗi ya gangara. Rigarsu ta fata ce, kuma tun 2018 dole ne ta kasance da jakar iska a ciki mai kumbura kafin mutum ya kai ƙasa. Likita da jirgi mai saukar ungulu suna jiran ko-ta-kwana. Duk da wannan gata, Marco Simoncelli ya rasa ransa a filin Sepang na Malesiya a watan Oktoban 2011. Wannan ɓangaren ba a sa masa kiɗa a TikTok.

Yanzu mu dawo gida. Hanyar da ta tashi daga Daura ta ratsa Mai'adua ta nufi Kwangwalam, bakin iyakar Nijar, hanyar kasuwanci ce. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, tireloli ne na shanu, da motocin hatsi, da amalanke, da garken awaki, da yara masu talla. Da damina ruwa yana kwaso rairayi ya shimfiɗa a kan kwalta, kuma a kwana da gangare ya fi taruwa. Da hunturu iska take kawo shi. Yashi a kan kwalta yana iya rage kamun taya zuwa rabi ko ƙasa da haka. Ma'ana, kwanciyar digiri 23 ɗin nan da ka yi jiya lafiya lau a kilomita 40, yau a kan yashi ita ce iyakarka. Ko R1 ɗin ka hau, taya ce take taɓa ƙasa, ba sunan kamfani ba.

ABIN DA MUKE YI WA BABURANMU

Boxer da TVS da Haojue da sauran irin waɗanda suka cika garuruwanmu ba na tsere ba ne. Boxer 150 ƙarfinsa kimanin doki 12 ne, R1 kuwa kimanin doki 200. Tazarar tayoyin Boxer ba ta kai milimita 1300 ba, wato ya ma fi R1 gajarta, kuma nauyinsa bai wuce kilo 125 ba. Babur ne gajere marar nauyi, da ma can yana da saurin juyawa. 'Yar natsuwar da kamfani ya bar masa ita ce jarinsa. Ga yadda muke cinye jarin.

Ɗaga baya. Ana sa doguwar shoka ko a ƙara ƙarfe don bayan ya tashi kamar na bidiyo. Idan baya ya tashi, wuya yana miƙewa. Ɗaga bayan babur mai tsawon Boxer da santimita 3 kawai yana cire sama da digiri 1 na jingina da kimanin milimita 8 na ratar bin-baya. Ku tuna duk bambancin ratar R1 da FJR milimita 7 ne. Abin da injiniyoyin Japan suka raba jinsin babura biyu da shi, mu a gindin bishiya muke cire shi da sifana cikin minti ashirin.

Sauke hannu da rage faɗinsa. Hannu mai faɗi shi ne sandar da kake sarrafa babur da ita a cikin yashi. Ka gajarta shi, ka rage wa kanka ƙarfi. Ka sauke shi ƙasa, nauyinka ya koma kan tsintsiyar hannu, ka riƙe kan babur ƙam. Wanda ya ƙanƙame hannu kuwa ya hana kai gyara kansa, kuma wuyansa ba ya ɗaguwa ya hango nesa.

Ƙatuwar taya a siririn rim. R1 yana ɗaukar taya mai faɗin milimita 190 a baya ne domin rim ɗinsa mai faɗi ne. Idan ka cusa taya mai faɗi a siririn rim, sai ta matse ta yi tsini, siffarta ta lalace, kamun da kake nema bai ƙaru ba. Ƙari a kan haka, taya mai faɗi tana bukatar ƙarin kwanciya kafin ta sha kwanar da siririya za ta sha.

Cire madubi. Wannan ko bayani ba ya bukata. Ɗan tsere ba shi da madubi domin babu tirela a bayansa.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ba gayu ba ne, neman abinci ne: tsawaita kariya. Ana walda ƙarfe ko a ɗaura katako ya zarce tayar baya, a ɗora buhuna ko jarkoki. Buhun shinkafa biyu kilo 100 ne, kusan nauyin babur ɗin kansa. Idan tsakiyar nauyin ya zarce tsakiyar tayar baya da santimita 20, ya ɗauke wa tayar gaba kusan kilo 16 na nauyin da take danne ƙasa da shi. Gaba ya yi sakayau kenan. Shi ya sa masu dakon kaya suke cewa kan mashin yana rawa. Jarka mai rabin ruwa ta fi muni, don ruwan yana kai-komo a lokacin da kake kwana. Ba na zagin mai neman halak ɗinsa. Amma ko masu FJR, da duk tsawonsa da nauyinsa, akwatunansu a gefe suke, ƙasa-ƙasa, kusa da tsakiyar babur, kuma kamfani ya rubuta iyakar kilo da za a zuba. Darasin kenan: kaya su matso gaba, su sauka ƙasa, su daidaita hagu da dama.

Mafi haɗari shi ne wanda ya haɗa biyun. Da safe ya yi dako, da yamma ya yi gayu, a babur ɗaya mai ɗagaggen baya da sassauƙan gaba da tsohuwar taya.

AMSAR MASU CEWA

Masu cewa ai babur ɗin tsere ya fi birki da taya mai kyau, kun yi gaskiya. Birkinsa faifai biyu ne a gaba, da tsarin ABS mai hana taya ƙamewa. Amma ai ba shi kuka saya ba, siffarsa kuka ara. Kun ɗauki saurin juyawarsa kun baro birkinsa da tayarsa da ƙwaƙwalwarsa a Japan. Yawancin namu birkin takalmi ne a cikin kwano, wanda in ya yi zafi yake sanyin kamu.

Masu cewa to shi FJR ɗin zai iya yashin ƙauye? Ba zai iya ba. Kilo 290 a kan tayar kwalta, in ya nutse a rairayi sai an taru a ɗaga shi. Ban ce kowa ya je ya saya ba. Daga Daura zuwa Kano ko Katsina ko Damagaram a kan kwalta, da goyo da jaka, ya fi R1 nesa ba kusa ba, domin R1 zai gajiyar da bayanka da wuyanka kafin ka yi nisa, ga shi kansa ba ya juyuwa sosai idan za ka yi kwana a cikin cunkoson kasuwa. Amma a hanyar burji da ta yashi, Boxer ɗin da ba a taɓa ba ya fi su duka biyun. Abin da nake so mu ara daga babur ɗin tafiyar nesa tunaninsa ne: zama a miƙe, hannu mai faɗi, shoka mai shanye gargada, kai mai natsuwa. Kuma wannan tunanin da shi aka ƙera namu tun farko.

Mu mutanen ƙasar dawaki ne, bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Dokin da ake sukuwa da shi daban, wanda ake ɗora wa kayan ado a ratsa taro da shi a Hawan Magajiya daban. Babu mai hankalin da zai ɗauki doki mai firgita ya shiga cikin jama'a da shi don kawai ya fi gudu.

Masu cewa kuɗina ne, raina ne. Ran ma ba naka ba ne, amana ce. Sannan wanda ka goya fa? Yarinyar da ke tsallaka titi da tire a ka fa? Idan ƙafa ta karye, ba kai kaɗai za ka kwanta ba. Mahaifinka ne zai sayar da tumaki ko ya jinginar da gona, yau wajen mai ɗori, gobe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Masu cewa ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma ba a hana mu ɗaure raƙumi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma hular kwano mai inganci tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100. A Najeriya tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta, kuma ƙa'idar gudun babur a littafin dokokin hanya kilomita 50 ce a awa. Ɗan tseren da kuke kwaikwayo ba ya hawa ko na minti ɗaya babu hula. Me ya sa ita ce kaɗai ba a kwaikwaya?

YADDA ZA KA DUBA NAKA YAU

Tunda shafin koyarwa ne, ga aiki.

1. Kafa babur a kan tsayuwar tsakiya, wani ya danne baya har tayar gaba ta tashi. Juya kai a hankali hagu da dama. Idan yana maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa rami, boris ɗin wuya ya ci. Riƙe ƙasan shokar gaba ka ja gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, wuya ya saki. Wannan yana cikin manyan dalilan rawar kai, kuma gyaransa ba tsada.

2. Juya kowace taya da hannu ka kalli bakin rim. Idan yana lilo, a ɗaure wayoyin ko a miƙar da shi. Girgiza tayar baya gefe da gefe, kada ta motsa.

3. Daina auna iska da babban yatsa. Sayi ɗan geji, ko ka sa mai faci ya auna a gabanka da safe kafin taya ta yi zafi. Yawancin ƙananan baburan Indiya suna neman kusan 25 a gaba, 28 zuwa 32 a baya gwargwadon goyo, amma abin da ke rubuce a littafin baburinka shi ne hukunci. Iska ta yi yawa, taya ta rage taɓa ƙasa. Ta yi kaɗan, kai ya yi nauyi.

4. Duba shekarun taya. A gefenta akwai lamba huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Misali 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Tayar da ta tsufa tana ƙeƙashewa ko da zanenta bai cinye ba. Wadda tsakiyarta ta baje kuma tana sa babur ya ƙi shiga kwana, sannan ya faɗa gaba ɗaya.

5. Idan ka taɓa ɗaga baya, sauke manhajar awon magina daga Play Store, masu iPhone kuma tana cikin Measure. Tsayar da babur a miƙe a daidaitaccen siminti, manna gefen waya a jikin shokar gaba, rubuta digirin. Nemi irin baburinka da ba a taɓa ba ka auna haka. Bambancin da ka gani shi ne natsuwar da ka sayar.

6. Koyi yadda kwana take da gaske. Idan gudu ya wuce na tafiyar ƙafa, don ka shiga hagu, hannun hagu kake ɗan turawa gaba, babur ya kwanta hagu. Kowa yana yin haka bai sani ba. Ka gwada a fili babu kowa, a hankali, domin ranar da akuya ta faɗo maka wannan ne zai kauce da kai.

7. Rage gudu kafin kwana, babur yana miƙe. Kalli mafitar kwanar, kada ka kalli ramin da kake tsoro, don inda ido ya kafe nan babur yake zuwa. Damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana, ko dai ya miƙar da babur ya kai ka hannun masu tahowa, ko ya zame da kai in akwai yashi.

8. Idan kai ya fara rawa kana tafe, kada ka ƙanƙame hannu, kada ka fizgi birkin gaba. Matse tanki da gwiwa, ɗan sunkuyo gaba, sassauta totur a hankali, ka tsaya ka duba.

9. Waya a aljihu. Bidiyon da za a ɗauka kana kwance a kwana bai kai farashin ƙashi ɗaya ba.

GA MASU SIFANA DA IYAYE

Malam bakanike, kai ne injiniyan garinmu. Idan yaro ya zo a ɗaga masa baya, ka san abin da zai biyo baya ko da ba ka san sunansa da digiri ba, domin kai ake kawo wa babur ɗin bayan ya faɗi. Faɗa masa gaskiya kafin ka karɓi kuɗinsa. Shugabannin 'yan acaɓa, ku da kuke iya hana mutum layi saboda kuɗin ƙungiya, za ku iya hana shi saboda babu madubi. Iyaye kuma, babur ɗin da kuka saya wa yaro, ku riƙa zagaya shi kuna dubawa. In ya sauya kama, ku tambayi dalili.

Abin kunya ne a ce masarautar da take da jami'ar sufuri ta tarayya a Daura, matasanta a bidiyon daƙiƙa goma sha biyar suke koyon yadda babur yake aiki. Wayar da ta nuna muku kwanciyar, ita ce za ta iya nuna muku lissafinta in kun nema. Babur ɗin tsere ya fi saurin shan kwana a filin da aka gina dominsa, wannan babu musu. A hanyar Kwangwalam ranar Lahadi kuwa, wanda kansa ya natsu shi ne gwani. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

A tura wa duk wani ɗan'uwa mai babur, musamman wanda kuka san ya riga ya kai nasa an ɗaga. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya kai kowa gida lafiya.